Guduma da Littafi: Tunawa da Wani Ma'aikacin Dogo

Laccar da aka gabatar a Pelebina, cikin ƙasar Jugu, a taron addu'ar cikar shekara guda da rasuwar wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa



Mai girma sarkin gari, Allah ya ja zamaninka. Liman da na'ibinsa da sauran malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da ke can gindin mangwaro, tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka yi sammako daga Paraku, dangi da suka taso daga Jugu, samari da 'yan mata, ina gaishe ku baki ɗaya. Sannunku da hanya, sannunku da zama cikin rana.

Da aka ce ni zan yi magana yau, na so in zame. A wurin nan akwai waɗanda suka yi shekara talatin suna sa hannu a kwano ɗaya da marigayi, sun fi ni saninsa nesa ba kusa ba. Sai dattawa suka tuna mini cewa da kuɗin dogo aka saya mini allo da littafin boko. To, ashe bashi ne, ga shi na zo biya.

Ba zan kama sunansa ba. Mahaifiyata ƙanwarsa ce, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan a bakinta ba, sai dai ta ce Yaya. Ni da Kawu na buɗe baki, da Kawu zan ci gaba. Yaran garin nan kuwa tsoho mai guduma suke ce masa, kuma yana amsawa.

Baƙo zai yi mamakin taron nan, domin Pelebina ba ta taɓa jin kukan jirgi ba. Mai son ganin dogo daga nan sai ya hau mota zuwa Jugu, ya sake wata, ya yi tafiyar sama da kilomita 130 kafin ya isa Paraku. Me ya haɗa garin doya da kaɗanya da ma'aikacin jirgin ƙasa? Amsar ita ce maganata ta yau. Kawu bai shimfiɗa dogo ba, ya tarar da shi a shimfiɗe. Famfon da muke sha ba shi ya haƙa ba. Duk rayuwarsa ta ƙare ne wajen hana abin da wasu suka gina lalacewa, kuma ina so kafin mu watse mu yarda cewa wannan aiki ne na manya.

Hanyar da ta riga dogo

Bari in ɗan koma baya, don mu san yadda Bahaushe ya zo ƙasar nan. Goro ya kawo kakanninmu. Ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu. Su ƙetare Kwara su shiga Borgu, su bi ta Nikki da Paraku, su ya da zango a Jugu, wadda suke kira Zugu. Daga nan sai Sansanin Mango da Yendi, har Salaga a ƙasar Gwanja, inda ake cinikin goron Asante. Madugu ne shugaban tafiya, jagaba yana gaba yana duba hanya. A Jugu sarki yana unguwar Kilir, baƙin 'yan kasuwa suna unguwar Wangara, Dendanci ne harshen ciniki. Wasu fataken ba su koma ba. Suka yi aure, suka haihu, jikokinsu suka bazu cikin ƙauyukan ƙabilar Yom irin wannan. Mu ne ke nan.

Abin da nake so ku lura da shi a sana'ar nan shi ne, sayen goro a Salaga ba shi ne wahala ba. Wahalar tana ga kai shi Kano da ransa. Tafiya ce ta watanni, goro kuwa ba ya son zafi, ba ya son bushewa. Bayan 'yan kwanaki dole a sauke, a kwance huhu, a tsince wanda sankara ta taɓa tun bai shafa wa sauran ba, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a ɗaure. Falken da ya yi ƙyuya sau ɗaya, a kasuwar Kurmi zai gane kurensa. Saboda haka kula da abu kullum ba Bature ne ya koya mana ba, gado ne.

Dogon da ya tsaya a hanya

A shekarar 1900 Faransawa suka fara shimfiɗa dogo daga Kwatano. Faɗinsa mita ɗaya. Ya bi ta Pahu da Alada da Bohikon da Dasa, ya kai Sabe kafin Yaƙin Duniya na Farko, ya daɗe a nan, sannan ya iso Paraku a 1936. Kilomita 438 cikin shekara 36. Da yawa daga waɗanda suka sare dajin, suka fasa dutsen, ba da son ransu suka je ba. Aikin dole ne, a ce wa sarki ya ba da mutum kaza. 'Yan'uwanmu na Arewacin Nijeriya, inda dogo ya isa Kano a 1911, sun san irinsa, diban gwamna suke ce masa. Duk wanda zai yabi dogo, ya fara yi wa waɗannan bayin Allah addu'a.

Sunan da aka ba layin a lokacin shi ne Bénin-Niger, wato daga teku zuwa kogin Kwara. Niyya ke nan, amma a Paraku ya ci birki. Sama da kilomita 300 da suka rage zuwa Malanbil a bakin Kwara aka bar wa manyan motoci. Wannan tsayawar ce ta raya Paraku, domin duk kayan da jirgi ya kawo dole a sauke a loda wa mota, duk abin da mota ta kawo daga arewa dole a loda wa tarago. 'Yan dako, direbobi, dillalai, masu abinci, duk suka sami abin yi, har wata unguwa da kasuwarta suka ci sunan Depo. A shekarun 1950 aka ƙirƙiro wani shiri mai suna Hirondelle, wato tsattsewa, aka rage kuɗin dako don gyaɗar ƙasar Maraɗi ta biyo nan maimakon ta bi Kano. A 1959 ƙasarmu, wadda ake kira Dahome a lokacin, da Nijar suka kafa hukuma ɗaya ta haɗin gwiwa, OCDN, wadda ta koma OCBN bayan ƙasarmu ta sake suna a 1975. Da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a shekarun 1970, ta Paraku gangunansa ke hawa jirgi zuwa bakin teku, farar wutar da ake sarrafa shi da ita kuma ta nan take haurawa.

Cikin wannan hidima Kawu ya shiga, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai a 1960. Ya bar garin nan da tabarma da buta, ya je Paraku dako. Aka ga ƙarfinsa da natsuwarsa aka ɗauke shi cikin leburan dogo. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, bai taɓa zama ofis ba. Aikinsa tafiya ƙasa.

Rana ɗaya a bayansa

Ina ɗan shekara goma ko sha ɗaya aka kai ni hutu wurinsa, a wani sansanin ma'aikata tsakanin Paraku da Cawuru. Na matsa masa sai na bi shi aiki. Ya tashe ni kafin kiran assalatu. Muka yi salla, muka sha koko, ya rataya goran ruwa, ya ɗauki guduma mai doguwar ƙota da sifana wadda ta kai tsawon hannuna, ya soke jar tuta a ɗamara. A aljihun gaba akwai ɗan littafi da fensir ɗaure da zare.

Abu na farko da dogo ke koya wa mutum shi ne tafiya. Kwangirin da ke gicciye a ƙarƙashi, na ƙarfe ne saboda gara, tazararsu ba ta kai takun babba ba, in ka tsallake ɗaya kuma ta yi yawa. Dole ka rage taku. Waɗanda suka san Kawu a garin nan za su tuna da 'yar gajeriyar tafiyarsa mai sauri, wadda ake gane shi da ita tun daga nesa. Yara suna kwaikwayonsa suna dariya. Shekara talatin na taka kwangiri ce ta zauna masa a ƙafa.

Duk inda dogo biyu suka haɗu sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa. Ƙwal, ya wuce. Ƙwal, ya wuce. Can sai ya tsaya ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka ji?" Na ce ban ji komai ba, Kawu. Ya sake bugawa, ya koma baya ya bugi wanda muka wuce. A karo na uku na ji bambancin. Iyayenmu mata sun san wannan ilimi: in za ku sayi tukunya a kasuwa, ai sai kun ƙwanƙwasa ta da yatsa. Lafiyayyiya tana amsawa da zaƙi, mai tsaga kuwa muryarta a dishe take. Haka noti mai kwance yake. Ya ɗora sifana, ya danna da dukan nauyinsa, ya sake bugawa, murya ta dawo. Sannan ya ciro littafi ya rubuta lambar kilomita da abin da ya tarar.

A wata mahaɗar ya kama ɗan yatsana ya sa cikin 'yar kafar da ke tsakanin dogo da dogo. Na ce masa ai nan ma ya lalace. Ya yi murmushi bai ce komai ba. Da azahar muna dawowa, rana ta take, ya ce in sake sa yatsa. Kafar ta kusa rufewa. Ya ce ƙarfe in ya sha zafi miƙewa yake yi, shi ya sa ake bar masa wuri, in an matse shi sai ya lanƙwashe kamar maciji ya kayar da jirgi. Daga baya na ji shi yana ba sababbin ma'aurata wannan misali, yana cewa kowa ya bar wa ɗan'uwansa 'yar kafa saboda ranar zafi.

Sauran aikin babu abin sha'awa a cikinsa. Cire ciyawa. Mayar da tsakuwar da shanu suka watsa wajen ƙetarawa. Share gefen hanya kafin hunturu saboda wutar daji. Yashe magudanai da kwalbatoci kafin ruwan farko. Gobe a sake, jibi a sake.

Akwai labarin da bai taɓa ba ni da bakinsa ba, abokin aikinsa da ke zaune a sahun gaba ne ya ba ni. Wani dare cikin marka aka kwana ana sheƙa ruwa. Ba wanda ya aike shi, ya tashi ya ɗauki fitila, domin akwai wani kwalbati da ya rubuta a littafinsa sau biyu bai gamsu da shi ba. Ya tarar ruwa ya cinye ƙasar ƙarƙashi, dogo yana reto a sarari, ga shi jirgin fasinja yana tafe daga kudu. Ya ruga ya tari jirgin da nisa, ya maƙala 'yar albarusar gargaɗi a kan dogo, irin wadda ke fashewa in ƙafar jirgi ta taka ta, ya koma ya tsaya da jar fitila cikin ruwa. Direba ya ji ƙara ya ja birki. Fasinjoji suka kwana a daji suna tsaki, suna cewa jirgin nan kullum latti. Yawancinsu har suka sauka ba su san abin da ya faru ba.

Ku duba wannan al'amari da kyau. Da jirgin ya faɗa, da duniya ta ji, da manya sun zo jaje, da an rubuta a jarida. Da yake bai faɗa ba, ba labari. Mai gyara, in aikinsa ya yi kyau ƙwarai, sakamakonsa shi ne ba abin da ya faru. Shi ya sa muke saurin mantawa da shi.

Abin da ya gada daga magabata

Kawu yana yaro aka yi babban yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa, amma helman da ya fara koya masa aiki yana cikin waɗanda suka yi shi, kuma labarin bai bar bakinsa ba. A ranar 11 ga Afrilun 1946 majalisar Faransa ta soke aikin dole, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Amma a reluwe bambanci bai gushe ba. Bature da baƙar fata suna aiki ɗaya, tsarin albashi da gida da hutu daban. Mafi yawan 'yan ƙasa ma ana lissafa su ne a matsayin 'yan wucin gadi, ko da mutum ya tsufa a kan aikin. Ranar 10 ga Oktoban 1947 ma'aikata wajen 20,000 suka ajiye kayan aiki, daga layin Dakar zuwa na Konakiri, da na Abijan, da namu na Kwatano, ƙarƙashin jagorancin Ibrahima Sarr. Buƙatarsu tsari ɗaya ga kowa. Ba a kammala yajin ba sai 19 ga Maris 1948. Marubucin Senegal Ousmane Sembène ya gina shahararren littafinsa na 1960 a kan wannan gwagwarmaya. A Nijeriya ma ɗan reluwe ne, Michael Imoudu, ya yi fice a yajin gama-gari na 1945.

Abin da ya fi tsaya wa Kawu a rai shi ne tambaya ɗaya: yaya mai iyali zai yi sama da wata biyar ba albashi bai durƙusa ba? Amsar da helmansa ya ba shi ita ce, ba su kaɗai suka yi ba. Dangi na ƙauye sun aiko da hatsi, 'yan kasuwa sun ba da bashi, mata sun sayar da abin da suke da shi sun riƙe gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun daga nan, duk sansanin da aka kai shi sai ya kafa asusu. Ran albashi kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, a rubuta, a ajiye don ranar ciwo ko rasuwa.

Komawa gida

Ƙarshen aikinsa ya zo a lokaci mai tsanani. Manyanmu suna tune da 1989, lokacin da ma'aikatan gwamnati suka yi watanni ba albashi, har abin ya kai ga babban taron ƙasa na Fabrairun 1990 a Kwatano. Bai daɗe da yin ritaya ba sai ga Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi. Abin da ake saya da sefa 50 a kuɗin Faransa ya koma 100. Duk kayan da ke zuwa daga waje, magani ne ko kayan gyara, suka yi tsalle. Abokansa da yawa suka zauna a Paraku. Shi ya ɗaure tabarmarsa ya dawo nan, da guduma da sifana.

Ya tarar famfon garin nan a mace. An gina shi da biki, baƙi sun zo da motoci, an yi kiɗa, an yi jawabi. Ya yi 'yan shekaru yana aiki ya tsaya, kowa yana jiran waɗanda suka gina su dawo. Mata suka koma rafi, gudawa ta koma cikin yara. Kawu ya tara samari huɗu suka zare bututun ɗaya bayan ɗaya, suka jera a kan tabarma. Abin da ya kashe famfon wata 'yar roba ce da ba ta kai tafin hannun jariri ba. Ya hau mota ya je Jugu ya sayo guda biyu. Da aka tambaye shi ta biyun fa, ya ce ta ranar da wannan za ta cinye ce.

Daga nan ya kawo tsarin da kuka sani. Kowace ɗauka a jefa ɗan tsaba a gwangwani. Kuɗin a hannun wata dattijuwa, domin a cewarsa namiji in ya riƙe kuɗin jama'a sai abokai su ranta. Littafi a hannunsa. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya je bakin famfo, ya sa yarinya ta buga, shi ya kara kunne, ya taɓa noti, ya shafa giris, ya rubuta. Duk wata a karanta lissafi a bainar jama'a, da Yom da Dendanci da Hausa, don kada wani ya ce bai ji ba.

Sauran kun fi ni sani. Shi ke yawo gida gida kafin ruwan farko yana kiran gayya a yashe kwalbatin hanyar gona. Shi ke duba makara, ya ɗaure inda ta yi sako-sako, ya tabbatar diga da shebur na maƙabarta suna wurinsu, da likkafani a ajiye saboda wanda mutuwa ta zo wa ba shiri. Da ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa rigakafin shan inna, wasu gidaje suka rufe ƙofa, shi ya shiga gaba, ya fara da jikokinsa a gaban kowa, ya bi su har rugagen Fulani da 'yar Fulatancinsa. Allah ya ja kwanansa har ya ji a rediyo, a Agustan 2020, an ce Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Duk wannan ba a taɓa biyansa ko dala ba. Malamanmu da ke nan sun fi ni sanin ladan wanda ya kawar da ƙaya daga hanyar mutane.

Kada in mai da shi waliyyi, ku da kuka zauna da shi za ku ƙaryata ni. Kawu yana da tsauri, wani lokaci har ya wuce kima. Ya taɓa hana matar ƙaninsa ɗiban ruwa saboda bashin kwana uku, aka yi wata guda ba a gaisawa a gidan. Ba ya iya rarrashi, in ya ga abu a karkace sai ya faɗa ko a gaban wa. Wasu samari sun gudu daga aikin famfo saboda faɗansa, kuma wannan asara ce da ya kamata mu koyi darasi daga gare ta.

Ni ma ina da nawa laifin. Da na fara aiki a Kwatano na sami ɗan abin hannu, na zo na ce masa, Kawu, ina so in yi wa gari wani abu babba, a sa allo a rubuta sunan gidanmu. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Madalla, ɗana. Kafin nan, ka aiko mini da gwangwanin giris." Na ji kamar ya raina ni. Sai da ya aiko sau uku kafin na sayo. Babban abin kuwa har yau ban yi ba. Na yi shekaru kafin na gane cewa ni suna nake nema, shi ruwa yake nema.

Dogo a yau

'Yan'uwa na Paraku, ba sai na faɗa muku halin da layin ke ciki ba. Tun a shekarun 2000 jirgin fasinja ya daina zirga-zirga tsakanin Kwatano da Paraku. Yaran da aka haifa bayan nan ba su san daɗin sayen abarba ta taga a tashar Alada ba. Manyan motoci sun kwashe kaya, suna cin kwalta, kwalta tana cin rayuka.

An yi yunƙuri. A 2014 aka buɗe tashar jirgi a Yamai, a farkon 2016 aka yi bikin kammala dogo na wajen kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa. A ɓangarenmu rigima ta tashi kan wanda ke da haƙƙin aikin, tsakanin Bolloré da kamfanin Petrolin na Samuel Dossou, har kotunan ƙasar nan suka ba Petrolin gaskiya. Tsakanin Paraku da Doso ba a haɗa ba, dogon Doso kuma bai zama hanyar da jama'a ke hawa ba. A gefe guda, bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme ya ratsa ƙasashen biyu cikin 'yan shekaru, jirgin ruwa na farko ya yi lodi a Mayun 2024. Ashe in ana so, ana iyawa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar kuma aka rufe gadar Malanbil, jikokin fatake suka koma ƙetare Kwara a kwalekwale kamar kakanninsu.

Wani zai ce, to ai guduma ba ta kai dogo Malanbil, dole sai da masu gini da manyan kuɗi. Gaskiya ne, kuma Kawu da kansa ya mutu da burin ganin jirgi ya sha ruwan Kwara. Ba na raina gini. Abin da nake cewa shi ne, mun fi son ranar buɗewa da duk sauran ranaku. Ranar buɗewa akwai makaɗa da hoto, ranar shafa giris ba kowa sai kai da ƙudaje. Ku zaga ƙauyukan da ke tsakanin nan da Basila ku ƙirga famfunan da suka mutu, da azuzuwan da iska ta yaye wa kwano, da fitilun hasken rana da suka daina ci. Kusan kowanne da biki aka buɗe shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa ƙarama take farawa, daidai 'yar robar nan. Duk wanda ya kawo mana gini, gwamnati ce ko ƙungiya ko ɗan gari mai hali, mu gode masa, sannan mu tambaye shi, mu kuma tambayi kanmu: wa zai riƙa zagayawa da guduma, kuma daga wane gwangwani za a sayi giris?

Abin da ya bari

Ga su nan a kan tabarma gaban liman. Guduma, ƙotarta ta uku ke nan, shi ya sassaƙa ta da hannunsa. Sifana. Da littattafai goma sha ɗaya, na dogo da na famfo, duk rubutu iri ɗaya: rana, wuri, abin da aka tarar, abin da aka yi. Iyalinsa sun ce ba za a raba waɗannan cikin gado ba, na gari ne.

Roƙona ga mai girma sarki da dattawa shi ne, kafin a tashi a fitar da mutum huɗu, maza biyu mata biyu, masu ƙuruciya, a danƙa musu. Iyayenmu tsofaffin ma'aikata da suka zo daga Paraku sun yarda za su kwana biyu su nuna musu yadda ake zare bututu a mayar. Mu da ke birni, kowa ya ɗauki wata guda a shekara, giris da roba a wuyansa. Na ɗauki watan farko, kuma wannan karon ba sai an aiko ba. Waɗanda za a zaɓa, ku ɗauki naciyar Kawu, ku bar masa faɗansa.

Jiya da dare na buɗe littafin ƙarshe. Shafin ƙarshe Juma'a ce, mako biyu kafin ya kwanta. Hannun yana rawa, amma ana karantawa. Ya rubuta cewa notin hannun famfo na hagu ya fara sako-sako, ya ɗaure, a sake dubawa. Bayan wannan shafi fari ne, sama da shekara guda.

Yau da asuba na je bakin famfon, na tarar da wata yarinya tana bugawa. Na kara kunne yadda ya koya mini a kan dogo. Jama'a, muryar a dishe take.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya sa kowane ɗigon ruwa da aka sha ya zame masa haske a kabari. Allah ya jiƙan waɗanda aka ɗiba aikin dole ba su dawo ba, da dukan ma'aikatan dogo da suka riga mu. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Liman zai rufe mana da addu'a. In an shafa, wanda ke da hali ya biyo mu bakin famfo, sifana tana nan.